Ɗalibin wata uku ba ɗan ƙwadago ba ne

Akwai wata ƙaramar buɗaɗɗiyar manhaja da na daɗe ina aiki da ita, kuma idan na ci karo da tangarɗa nakan gyara in tura musu. A ƙarshen watan Fabrairu masu riƙonta suka sanar cewa an karɓe su cikin Google Summer of Code, shirin da Google ke biyan sababbin shiga su yi wa irin waɗannan manhajoji aiki, karo na farko. Na yi murna ƙwarai, don na san sun sha nema ba su samu ba. Murnar ba ta je ko'ina ba na ji abin da ɗaya daga cikinsu ya ce: yanzu sun samu hannuwan da za su ƙarasa musu ayyuka uku da suka maƙale tun bara, kuma ko sisi ba za su kashe ba.

Kwana biyu maganar tana yi mini yawo a kai. Mutumin ba mugu ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa. Su uku ke riƙe da manhajar, kowanne da aikin da yake ci da iyali da shi da rana, sai dare ya yi su zauna amsa ƙorafin mutanen da ba su taɓa gani ba. Wanda ke cikin wannan hali, aka ce masa ga matashi za a biya shi ya yi maka aiki na wata uku, dole abin da zai fara faɗo masa ke nan. Amma tunanin kuskure ne, kuma shi ke lalata shirin tun kafin a rubuta layin farko.

Ina goyon bayan ƙungiyoyin buɗaɗɗiyar manhaja su shiga irin wannan shiri. Sai dai abin da ake samu a ciki dama ce ta renon magaji, kuma a watannin farko reno yana ƙara wa mai reno aiki ne. Ƙungiyar da ba ta da mutum biyu da za su ba da wannan lokacin da zuciya ɗaya, gara ta haƙura sai wata shekarar. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Ga wanda bai san tsarin ba: Google ta fara shirin a 2005 da ɗalibai kusan 400. Ƙungiyoyin da ke gina manhajar da kowa ke iya duba kod ɗinta, ya gyara, ya rarraba, su ke neman shiga a farkon shekara, su kawo jerin ayyukan da suke so a yi. Masu sha'awa su rubuta takardar tsari daga Maris zuwa farkon Afrilu, a fitar da sunaye a Mayu. A ba da kusan mako uku na sabawa da jama'ar ƙungiyar, sannan mako 12 na aiki, da tantancewa biyu, ɗaya a tsakiya ɗaya a ƙarshe. Jagora, wato ɗan ƙungiyar da ke kula da aikin ɗalibi, shi ke cewa ɗalibi ya ci ko ya faɗi, kuma da hukuncinsa ake sakin alawus. Tun 2022 aka buɗe ƙofa ga wanda ba ɗalibin jami'a ba ma, in dai ya kai shekara 18 kuma sabon shiga ne. Zan ci gaba da cewa ɗalibi, don koyo ne ya kawo shi.

Lissafin da ba a yi

Google tana biyan ɗalibi. Ƙungiya takan samu ɗan ƙaramin kuɗi a kan kowane ɗalibi. Jagora kuwa ɗan sa-kai ne, kuma a wuyansa duk shirin yake rataye. Nan ne lissafin abokina mai maganar hannuwa ya karkace: ya ƙirga sa'o'in da ɗalibi zai kawo, ya manta da waɗanda ɗalibi zai ɗauka.

Na taɓa yin jagoranci sau ɗaya a wani shiri makamancin wannan. Ɗalibina yaro ne mai ƙwazo. A mako na biyu ya turo mini gyaransa na farko, layi kusan 900 a dunƙule ɗaya. Abin yana aiki, a kwamfutarsa. Amma babu gwaji ko ɗaya a ciki, wato kod ɗin da ke tabbatar da cewa gyaran yana aiki daidai, ya kwafi yanki guda ya manna a wuri huɗu, ya kuma sa wa abubuwa sunaye irin a, b, a2, waɗanda shi kansa bayan wata guda ba zai tuna me suke nufi ba. Da ni zan yi aikin, dare biyu ya ishe ni. Bitarsa ta ci mini dare uku.

Gano kuskuren bai ba ni wuya ba. Abin da ya ba ni wuya shi ne yadda zan faɗa. Na rubuta bayani wajen 30, na koma na goge rabi, don na san in ya buɗe ya ga shafin ya cika da gyara, zai ɗauka ce masa nake bai iya komai ba. Na bar waɗanda suka fi muhimmanci, kowanne da dalilinsa, sauran na ajiye sai zagaye na biyu.

Sai ya yi shiru kwana biyar. Na fara zargin ko ya gudu. Da na matsa muka yi magana ta bidiyo, ya nuna mini fuskar kwamfutarsa, ashe tun ranar da na ce ya rubuta gwaji yake fama da girka kayan gwajin, sun ƙi tashi, kunya kuma ta hana shi tambaya. Cikin minti 40 muka gano matsalar. Akwai mataki ɗaya da ba mu rubuta a bayanin girkawa ba, saboda dukkanmu tsofaffin hannu mun girka shekaru da suka wuce, ba wanda ya sake yi daga farko. Allah kaɗai ya san mutum nawa suka zo kafin shi, suka yi tuntuɓe da wannan dutsen, suka juya ba su ce komai ba.

Wannan kwana biyar ɗin su ne hujjata. Da ba ni da lokacin bibiya, da sun zama mako uku, da tantancewar tsakiya ta zo na kayar da yaron da ba shi da laifi. Kuma ribar farko da ƙungiyarmu ta samu daga gare shi tun kafin a karɓi kod ɗinsa ita ce gyaran wancan bayanin.

Shi ya sa nake cewa mutum biyu. Jagora ɗaya zai yi rashin lafiya, ko aikin ofis ya danne shi, ko haihuwa ta zo a gidansa. Wata uku suna da tsawo.

"Ai da sun karɓi kuɗin ƙarshe sai su ɓace"

Wannan ita ce sukar da na fi ji, kuma akwai gaskiya a cikinta. Da yawa suna tafiya. Sabon zangon karatu ya fara, ko an samu aikin albashi, shi ke nan. Akwai ƙungiyoyin da ke da rassan kod na ɗalibai jibge, wato aikin da aka yi a gefe, ba a taɓa haɗe su da uwar manhajar ba, har manhajar ta yi nisa suka daina dacewa da ita.

Amma a duba yadda reshen ya mutu. Sau da yawa an ba ɗalibi babban aiki ne aka tura shi gefe guda, aka ce ya dawo idan ya gama. Wata uku yana magana da mutum ɗaya. Bai taɓa amsa tambayar mai amfani da manhajar ba, bai taɓa duba gyaran wani ba, sauran 'yan ƙungiyar ba su san shi ba sai a suna. Ranar da alawus ya ƙare, me zai riƙe shi? Ba shi da abokai a wurin, aikinsa kuma bai shiga hannun kowa ba.

Wanda aka karɓi ƙaramin gyaransa a makon farko, ya ga sunansa cikin tarihin manhajar, sannan wani baƙo daga wata nahiya ya rubuto yana godiya saboda matsalarsa ta warware, wannan ya ɗanɗana abin da ke riƙe mu duka a harkar. A yanka aikin gutsi-gutsi, kowane yanki ya shiga uwar manhaja kafin a fara na gaba. Ko ɗalibin ya tafi a mako na takwas, abin da ya yi ya zauna.

To ko da an yi duk wannan, wasu za su tafi. Ban ɗauki hakan asara ba. Wanda ya koyi rubuta gwaji, da karɓar gyara ba tare da fushi ba, da yin tambaya a bainar jama'a, duk inda ya je da su zai tafi, wataƙila ma wata ƙungiyar ce za ta ci moriyarsa, kamar yadda mu ma muke cin moriyar waɗanda wasu suka rena.

In kuma cikin uku ɗaya ya zauna, a tuna abin da rashin wannan ɗayan ke jawowa. Lokacin da ɓarakar tsaro mai suna Heartbleed ta bayyana a cikin manhajar OpenSSL a Afrilun 2014, duniya ta farga cewa wannan manhajar, wadda ke tsare sirrin kaso mai yawa na shafukan intanet, mutum ɗaya ne ke aikinta cikakken lokaci, gudummawar da ake ba su kuma ba ta wuce kusan dala 2,000 a shekara ba. Bayan shekara goma ga labarin xz, ƙaramar manhajar matse bayanai da ke cikin kusan kowane tsarin Linux. Lasse Collin ya riƙe ta shekaru kusan shi kaɗai, ya gaji, ana ta matsa masa ya nemi mataimaki. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kimanin shekara biyu yana turo gyare-gyare har ya samu amana, sannan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin manhajar. A Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano ta, saboda ya lura shiga wata na'ura ta ssh, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, yana ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa.

Ba na cewa shirin horar da ɗalibai riga-kafin mayaudara ne. Abin da nake cewa, mai riƙon da ya gaji kuma ba shi da kowa, duk wanda ya miƙo hannu zai kama. Wanda ya rena mutum biyu ko uku da idonsa, ya san murya da halin kowannensu, yana da zaɓi ranar da zai ajiye kaya.

Ko kuɗi na ɓata aikin sa-kai?

Wasu tsofaffin hannu suna cewa su ba wanda ya biya su da suka fara, kuma wanda kuɗi ya kawo, kuɗi zai mayar da shi. Sukan kawo misalin Hacktoberfest na 2020, wani gangamin tura gyare-gyare na watan Oktoba, inda alkawarin riga ga duk wanda ya tura gyara huɗu ya jawo ambaliyar gyare-gyaren banza, wani ya ƙara waƙafi, wani ya sauya kalma ɗaya a shafin bayani, har masu riƙon manhajoji suka yi ta kuka, aka sauya doka ya zama sai ƙungiyar da ta yarda za a lissafa da ita.

Misalin gaskiya ne, amma darasinsa daban. A can lada ake bayarwa a kan adadi, babu mai tantancewa kafin a shigo. A shirin da muke magana, ƙungiya ce ke zaɓen ɗalibinta, ita ce kuma ke da ikon kayar da shi.

Sannan ina so masu wannan magana su tambayi kansu wane ne ke iya yin aikin kyauta na sa'o'i 350, tsawon babban aiki a shirin. Sai wanda wani ke ɗauke masa ci da sha da kuɗin makaranta. Ɗalibin da dole ya nemi aikin hutu don ya biya kuɗin zango mai zuwa, ko wadda ke kula da ƙannenta, sha'awarsu ba ta gaza ta kowa ba, hali ne babu. Alawus ɗin lokaci yake saya musu.

Kuma buɗe ƙofa kaɗai ba ya kawo kowa. A 2006 ƙungiyar buɗaɗɗiyar manhaja ta GNOME ta samu takardun neman shiga Google Summer of Code guda 181, babu mace ko ɗaya a ciki. Ba su ce ai mata ne ba sa so ba. Suka shirya wani shiri na musamman a wannan shekarar, mata suka nema, daga baya aka farfaɗo da shi a 2010, shi ne ya zama Outreachy a 2015, wanda ke ƙarƙashin Software Freedom Conservancy, yana ba da dala 7,000 na wata uku ga mutanen da ba a cika ganin irinsu a harkar ba. Mutanen suna nan tun da can. Kiran ne bai isa gare su ba.

Akwai abu ɗaya a tsarin biyan Google da har yanzu bai kwanta mini ba. A 2005 kowa dala 4,500 yake samu. Tun 2017 aka koma biya gwargwadon tsadar rayuwa a ƙasar da mutum yake, babban aiki daga dala 3,000 zuwa 6,600, matsakaici na sa'o'i 175 daga 1,500 zuwa 3,300. Na fahimci dalilin, kuɗi ɗaya zai isa mutane da yawa. Amma kwamfuta mai ƙarfin haɗa babbar manhaja ba ta yin araha don kana ƙasa matalauciya, sau da yawa ma ta fi tsada. Mutum biyu su yi aiki iri ɗaya a ƙungiya ɗaya, ɗaya ya karɓi fiye da ninkin ɗaya, abin da ciwo. Ƙungiya ba ta da ikon sauya wannan. Abin da take iya yi shi ne kada ta tsara aikin da sai mai babbar na'ura da intanet marar yankewa zai iya.

Ita Google me take nema?

Suna mai kyau, da sanin matasa masu hazaƙa, da lafiyar manhajojin da ita ma take dogaro da su. Ban ga aibu a nan ba, tunda kod ɗin da aka rubuta yana zama ƙarƙashin lasisin ƙungiyar, kowa na iya amfani da shi.

Hatsarin yana wajen dogaro. Kamfanin ya taɓa gudanar da Google Code-in na yara 'yan shekara 13 zuwa 17 tun daga 2010, ya rufe shi bayan zagayen 2019. A 2021 kuma ya rage tsawon ayyukan Summer of Code zuwa sa'o'i 175, kafin ya dawo da manya a shekarar da ta biyo. Mai kuɗi yana sauya ra'ayi, haƙƙinsa ne. Ƙungiyar da ba ta da hanyar tarbar sabon shiga sai ta wannan ƙofa, ranar da aka rufe ta ta shiga uku. Ƙungiyar KDE tana da nata shirin, Season of KDE, da take jagorantar sababbi ko babu alawus. Wannan ɗabi'ar ce ya kamata shirin Google ya tarar a gida.

Ambaliyar takardu

Da an fitar da sunan ƙungiya, baƙi za su cika ta. Saƙo iri ɗaya daga mutane da yawa: ina so in ba da gudummawa, ta ina zan fara? Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, wadda ke rubuta takardar tsari mai shafi goma, tsaf-tsaf, ga jadawalin mako-mako, cikin minti biyu, ba tare da mai ita ya taɓa girka manhajar ba. Daniel Stenberg mai riƙon manhajar curl ya koka tun farkon 2024 kan rahotannin ɓaraka na ƙarya da irin waɗannan na'urori ke haɗawa, waɗanda ke cin lokacin mutum kafin ya gano babu komai a ciki. Takardun ɗalibai ma sun kama wannan hanyar.

Don haka kyan takarda ya daina zama shaida. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A nemi kowane mai nema ya gyara ƙaramar tangarɗa ɗaya kafin ranar rufewa, a yi masa bita, a ga yadda zai karɓi gyara. Outreachy ta daɗe tana yin haka, tana ware kusan wata guda na ba da gudummawa kafin zaɓe. A kuma zauna da shi minti 20 a tambaye shi me ya sa ya zaɓi wannan hanyar ya bar waccan. Wanda ya yi aikin da kansa zai yi ta bayani har da inda ya sha wuya. Wanda aka rubuta wa zai maimaita abin da ke takardar.

Wannan ma aiki ne, kuma yana zuwa ne tun a Maris, kafin a san ko gurbi nawa za a samu. Ƙaramar ƙungiyar da ta ga ba za ta iya ɗaukar hidimar gudanarwa ba tana iya shiga ƙarƙashin inuwar babba, kamar yadda ƙananan ayyuka da dama ke shiga ta hannun Python Software Foundation ko NumFOCUS. Nauyin jagoranci dai ba mai ɗauke mata.

Kuma a shirya wa ranar da ba a so. Wani lokaci ɗalibi ba ya aikin, an bi shi an bi shi, babu. Jagora mai tausayi zai so ya ba shi maki don kada alawus ya wuce shi. Na san nauyin wannan, musamman in ka san yana buƙatar kuɗin. Amma gurbin nan wani ne aka hana aka ba shi. Abin da adalci ke buƙata shi ne a faɗa masa tun da wuri, a rubuce, abin da ake jira daga gare shi da ranar da ake jira, kada hukuncin ya zo masa ba zato.

Daga ƙarshe na rubuta wa abokan nawa. Ban yi musu wa'azi ba, tambaya uku na yi: wa zai jagoranci kowane aiki, wa zai tsaya masa in ya ɓace mako biyu, kuma yaushe rabon da wani cikinsu ya girka manhajar daga farko a sabuwar kwamfuta. Amsar ta ɗauki kwana huɗu. Mai maganar hannuwa ne ya amsa, ya ce sun zauna sun ga ɗalibi ɗaya za su iya riƙewa, kuma sun cire aiki mafi girma daga jerin saboda su kansu ba su daidaita kan yadda za a yi shi ba. Ya tambaye ni ko zan zama jagora na biyu.

Na karɓa. Na ware daren Talata da na Asabar daga Mayu zuwa ƙarshen Agusta. Jiya na goge wata tsohuwar kwamfuta na bi bayanin girkawarsu layi bayan layi, na maƙale a mataki na shida, kuma gyaran wannan matakin na tura musu da safiyar nan.